Masu sassaƙa ƙotar bindiga a ƙasar Haɗeja

Ƙarfen bindigar toka yana iya ganin jikan wanda ya saye shi. Ƙotar ce ba ta daɗewa haka. Ko gara ta cinye ta a lungun ɗaki, ko ta tsage a wuya ranar da aka cika mata ɗuri, ko ta zamo daga amalanke ta karye. Shi ya sa a gidajen maharba na ƙasar Haɗeja, daga Auyo har Guri, za ka tarar da bindigar da ake ce wa ta kaka, alhali itacen da ke jikinta ba shi ne na fari ba. Duk lokacin da aka sake shi, akwai mutumin da ya zauna a rumfa da gizago a hannu, ya shafe kwanaki yana kwantar da tsohon ƙarfe cikin sabon itace. A ganina aikin wannan mutumin yana cikin mafi wuyar abin da ake yi da itace a ƙasar Hausa, kuma da wuya ka ji an ambace shi.

Wani lokaci maƙerin da ya yi ƙarfen shi ne ke sassaƙa ƙotar. Sau da yawa kuma rabon aiki ake yi: maƙeri ya gama nasa, a kai wa masassaƙi, irin wanda ke yin turmi da taɓarya da akushi da ƙotar fartanya. Sai dai ba kowane mai gizago ke yarda ya karɓi wannan aiki ba. Ƙotar fartanya huda ɗaya take nema, in ta yi sako-sako a buga mata tsinke a koma gona. Ta bindiga kuwa tana da dogon gurbin da ƙarfen zai kwanta, da gurbin kunama da kayan da ke tare da ita, da ramin sandar ɗuri, kuma dole dukkansu su hau layi ɗaya. Ɗaya ya kauce da kaurin tsinke, sauran sun tashi a banza.

Sana'ar ta samo asali ne daga larura. Tun ƙarni na 16 Mai Idris Alauma na Borno yake da mayaƙa masu bindiga. Tarihin Kano ya ce Babba Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776, shi ne sarkin Kano na farko da ya ajiye dogarai masu bindiga. A ƙarni na 19 Sarkin Damagaram Tanimu ya tara bindigogi masu yawa, har igwa aka riƙa ƙerawa a birninsa. Ta bakin teku kuma abin ya wuce misali: masanin tarihi Joseph Inikori, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya ƙiyasta cewa tsakanin 1750 da 1807 bindigogi fiye da dubu 280 ke shigowa Afirka ta Yamma kowace shekara, da yawansu ƙirar Bamingam ta Ingila. Haɗeja tana zaune ne a tsakiyar waɗannan hanyoyi, Kano a yamma, Borno a gabas, Damagaram a arewa. Yaƙin zamanin Sarkin Haɗeja Buhari, wanda ya rasu a 1863, na doki ne da takobi da mashi da kibiya, bindiga 'yar kaɗan ce, don haka mai daraja ce. Abin da ya ƙetare teku ko Sahara kafin ya iso hannunka ba ka yar da shi don itacensa ya karye. Sai ka nemi wanda zai yi masa wani. Bayan Afrilun 1906, da Turawa suka shiga Haɗeja da igwa da bindiga mai ruwa, Sarki Muhammadu ya yi shahada tare da jama'a masu yawa, bindigar gargajiya ta fita daga fagen fama. Ta koma hannun maharba, da 'yan bindigar sarki masu yi wa hawa amo, da manoman da ke korar tsuntsu daga shinkafa.

Aikin yana farawa tun a daji, shekara guda ko fiye kafin a taɓa ƙarfe. Kuka da rimi ba sa cikin lissafi, taushinsu ya yi yawa. Ƙirya da marke suna da tauri, amma nauyinsu kan gajiyar da mai yawon farauta, kuma suna cinye kaifin kayan aiki. Ƙirya ta fi amfani a maƙera, inda gawayinta ke narka ƙarfe. Kanya ce abin so, don naman itacenta a matse yake, gara ba ta cika damunsa ba, kuma yana ɗaukar sheƙi. Maɗaci yana da ja mai kyau da sauƙin sassaƙa. Aduwa, wadda da ita ake yin allon karatu, tana da laushin fuska kuma ba ta saurin tsagewa. Yanzu da waɗannan suka yi wuya, ana komawa ga darbejiya, wadda aka kawo daga Indiya a zamanin Turawa. Ba laifi ba ne, domin dangin maɗaci ce, ƙwari ma ba sa son ta.

Sanin sunan itace bai isa ba. Ƙota ba miƙaƙƙiyar sanda ba ce. Daga inda ƙarfe ya ƙare takan sunkuya ƙasa ta yi wuya, inda hannun dama ke kamawa, sannan ta buɗe ta zama gindin da ke zama a kafaɗa. Wuyan nan shi ne wuri mafi siranta, kuma ta nan duk ƙarfin harbi ke bi. In jijiyar itacen ta bi sunkuyawar wuyan, ƙota za ta yi shekaru. In kuwa jijiyar ta miƙe ta fita ta gefe, to an riga an rubuta inda za ta karye. Don haka gwani yakan zagaya bishiya yana neman inda kututture ya tanƙwara da kansa, ko can ƙasa inda ya fara buɗewa zuwa saiwa. Kuma ya fi son a faskara itacen a kan a yanka shi da zarto, saboda faskare yana bin jijiya, zarto kuwa ba ruwansa, duk inda aka ɗora shi nan zai ci.

An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A wannan sana'a ɗanyen icce abokin gaba ne. Ana ɓare ɓawon, a ajiye guntun a inuwa inda iska ke wucewa, a saman zaure ko a rufin madafa, ba a rana ba. Mai lura yakan shafe bakunan biyu da laka ko tsohon fenti, don ruwa ya fi saurin fita ta baki, kuma daga nan tsaga ke farawa. Sai ya ga damina da rani a kansa kafin a yarda da shi.

Dalilin wannan jira yana da nasaba da ƙasar kanta. Itace ko ya bushe bai daina motsi ba: yana shan laima ya kumbura, ya saki ya tsuke. A tsawonsa kusan ba ya canzawa, a faɗinsa ne motsin yake. Ƙarfe kuwa bai san laima ba sai ta hanyar tsatsa. To, ƙasar Haɗeja wuri ne da yanayi ke kai wa maƙura ta kowane ɓangare. A Agusta da Satumba kogi ya cika, ruwa ya malale fadamu har zuwa Kirikasamma da Nguru, ƙofar ɗaki ma sai an tura ta da kafaɗa. Daga Disamba hunturu ya sauko, leɓe ya tsage, akushi ya dare. Ƙotar da aka haɗa da itacen da bai gama bushewa ba, da zarar hunturu ya shigo sai ta tsuke. Zobban da suka ɗaure ta ta waje su yi sako-sako, ta ciki kuma gurbin ya matse ƙarfen da ba ya ba da kai, siraran leɓɓan gurbin su tsage. Shi ya sa rani ne lokacin wannan aiki. Abin da aka haɗa itace yana a tsuke, damina sai dai ta ƙara ɗaure shi.

Ga inda gwaninta take. Masassaƙi ba ya fara fitar da siffar ƙota. Yakan bar guntun a murabba'insa, da kauri da ƙarfinsa, ya daidaita saman da gizago, ya ja zare ya fitar da layin tsakiya, sannan ya fara haƙa gurbin ƙarfe da kurfi, da gangan yana barin sa a matse. Daga nan sai ya kunna aci-balbal, ya riƙa juya cikin ƙarfen a kan harshen wutar har ya yi baƙi ƙirin da hayaƙi. Ya ɗora shi a gurbin, ya danna da tafin hannu, ya ɗan ƙwanƙwasa da guntun itace, ya ɗaga a hankali ba tare da ya goga gefe ba. Sai ka leƙa cikin farin gurbin ka ga ɗigo-ɗigon baƙi, uku ko huɗu. Nan ne kaɗai ƙarfe ya taɓa itace. Ya ɗauki 'yar wuƙa mai lanƙwasasshen baki ya kankare waɗannan wurare, su kaɗai, abin da ke fita bai fi ƙaiƙayi kauri ba. Ya hure. Ya sake shafa hayaƙi, ya sake dannawa. Yanzu ɗigon ya zama goma. Haka zai yi ta yi, wuni guda ko biyu, baƙin yana yaɗuwa, ƙarfen yana nutsewa kaɗan-kaɗan, har ranar da zai ɗaga ya ga gurbin ya yi baƙi daga baki zuwa gindi. Yaron da ke koyo yakan ƙosa ya kai kurfi inda baƙi bai taɓa ba, sai ka ji maigidan ya ce, "Kai, inda ya nuna maka za ka ci, ba inda kake zato ba."

Abin da ke burge ni a nan shi ne aikin na ragewa ne kawai. Magini in ya rage laka sai ya ƙara, maƙeri in ya ɓata sai ya mayar wuta. Masassaƙi abin da ya cire ya tafi ke nan. Kowane kankara shawara ce da ba a janyewa, kuma yana yanke irinta ɗaruruwa a ƙota ɗaya, ba ma'auni a hannunsa sai hayaƙi da ido da yatsa.

A cikin gurbin duka, wurin da ya fi tsayawa a kai shi ne bayan gindin ƙarfen. Idan bindiga ta tashi, ƙarfen baya yake tokarowa, kuma dole ya sami faffaɗan itace mai lafiya da zai jingina da shi gaba ɗaya. In akwai 'yar tazara, kowane harbi ƙarfen zai riƙa dukan itacen, ya mayar da nauyin kan ƙusoshin da aka yi don riƙewa kawai, a kwana a tashi tsaga ta ɓullo ta gangara wuya. Maharbi da yawa sun sami rauni a fuska ko a hannu ba don ƙarfe ya fashe ba, sai don itacen ya saki. Wanda ya san haka ba ya ganin kwanakin da masassaƙi ya ɗauka a matsayin jan rai.

Ramin sandar ɗuri shi ma yana da nasa haɗarin. Dogo ne, siriri, a ɓoye cikin itace inda ido ba ya gani, ana bin sa da dogon ƙarfe mai kaifi ko wanda aka gasa a wuta. Ya ɗan karkata sama ya ɓulla cikin gurbin da aka sha wahalarsa, ya karkata ƙasa ya fito ta ciki. Shi ya sa ake yin sa tun itacen yana da kauri. Sai an gama duk wannan aikin ciki sannan gizago ke dawowa ya zubar da abin da ya yi saura, magagari ya bi baya, a ƙarshe a kankare da fasasshiyar kwalba har fuskar itacen ta yi sumul.

Rabin aikin ke nan. An daidaita itace da ƙarfe, saura a daidaita shi da mutum. Kafin a yanke gindin ƙota sai mai ita ya zo. A sa gindin a lanƙwasar gwiwar hannunsa a ga ko yatsa ya kai kunama. A dubi tsawon wuyansa da faɗin kafaɗarsa, a tambaye shi ko bahago ne, a kuma tuna cewa ranar farauta ba da 'yar shara zai fita ba, akwai riga mai kauri da layu da guraye. Sannan a ba shi ita. "Malam, rufe idonka ka ɗaga ta yadda ka saba. To, buɗe." In ya buɗe ya ga idonsa kwance a kan ƙarfen har baki, an dace. In yana hango bayan ƙarfen daga sama, ko sai ya karya wuya kafin ya ga baki, sai a rage inda kunci ke zama, ko a ɗan karkatar da gindin gefe. Kirinjijiya in ta tashi daga ruwa ba ta jiran mutum ya gyara tsayuwa, zabo ma haka. Bindigar da ta dace da mai ita tana zuwa inda yake kallo tun kafin ya yi tunani, kuma dukanta a kafaɗa ya fi sauƙi, don ta zauna daram.

A Landan, tsofaffin gidajen ƙera bindigar farauta irin su Purdey, wanda aka kafa a 1814, da Holland & Holland, suna da bindigar gwaji ta musamman mai gaɓoɓin da ake juyawa don auna mai saye, kuma itacen walnat ɗinsu yakan yi shekaru yana bushewa. Amma idan aka zo kwantar da ƙarfe cikin itace, har yau hayaƙin fitila suke shafawa su kankare inda ya taɓa. A Amurka akwai masu yin wannan aiki a gida don sha'awa, suna shafe watanni a kan ƙota ɗaya. Hanya ɗaya ce da ta mutumin da ke zaune a kan buzu a Kafin Hausa. Bambancin yana ga kuɗin da ake biya da girman da ake ba mai aikin.

Bindigar hawa tana da nata tsari. Ɗan bindigar sarki ba saiti yake yi ba, amo da hayaƙi ake nema, kuma sau da yawa ba ya kai ta kafaɗa, a hannu yake riƙe ta nesa da fuska. Don haka ƙotarsa takan fi kauri a wuya, a ƙara mata zobba, a yi mata ado da ƙusoshin farin ƙarfe ko tagulla, da jar fata, wani har da madubi. Ta maharbi kuwa ba a son ƙyalli, don kada rana ta haska ta nama ya gani. Mai ake shafa mata, man gyaɗa ko man kaɗe, kaɗan-kaɗan ana murzawa da tafin hannu ana barin ta ta sha, har itacen ya yi duhu ya daina karɓar ruwa. Sauran adon gumin hannu ne da shekaru, sai kuma layar da maharbin ya ɗinke a gindinta.

Ko ƙotar da ta tsage ba a saurin yar da ita. A buɗe tsagar a zuba danƙo, a matse, sannan a naɗe wurin da ɗanyar fatar da aka jiƙa, kamar yadda mai ɗori ke ɗaure karaya. Fatar tana bushewa tana tsukewa, har ta kama itacen kamun da igiya ba za ta iya ba. Amma masassaƙin kirki zai gaya maka gaskiya in tsagar ta ratsa wuya: wannan ta rataya ce a ɗaki, ba ta harbi ba.

Ba zan ɓoye cewa sana'ar tana cikin wani hali ba. Rashin tsaron da ya addabi Arewa ya sa duk wanda aka gani da ƙarfen bindiga a rumfarsa abin zargi ne, kuma akwai ɓata-garin da ke ƙera makamai don masu laifi, waɗanda hukunci ya dace da su. Dokar makamai ta 1959 ta ware bindigar da ake ɗurawa ta baki a rukuni na daban, ta kuma ce ƙera ta ko gyara ta sai da izinin hukuma. Wannan ita ce hanyar da ta kamata: mai sana'a ya zama sananne ga sarkin maƙera da mai unguwa da 'yan sanda, ya san wanda yake yi wa aiki. Haka farauta ma tana da iyaka. Dajin Baturiya wurin kariya ne, tsuntsayen da ke sauka can wasu daga Turai suke tasowa, kuma maharbin da ya san mutuncin sana'arsa ba ya shiga. Abin da nake tsoro shi ne a haɗa gwani da ɓarawo a tsintsiya ɗaya, yara su guji koyo, ilimin sanin itace ya bi tsofaffi kabari. Ilimin nan kuwa bai tsaya ga bindiga ba, shi ne na sirdi da na kwale-kwale da na ganga.

Itacen ma yana ƙarewa. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 tafiyar ruwan kogin ta canza, wani wuri ya bushe, wani kachala ta toshe hanya ruwa ya kwanta shekara da shekaru ya kashe bishiyoyi. Gatarin masu itacen girki da masu gawayi ya ƙarasa saura. Kanyar da za ta ba da guntun ƙota mai lafiya ta girmi wanda zai sare ta. Da yawa yanzu katakon kasuwa suke saye, wanda injin ya yanka ba tare da ya dubi jijiya ba, wani ma bai gama bushewa ba, a rufe shi da fenti mai sheƙi.

Fenti kuwa ba ya ruɗin wanda ya sani. In aka miƙa wa tsohon maharbi bindiga, wuyan yake fara juyawa a haske ya bi jijiyar da ido, ya ga ko ta tafi tare da lanƙwasar ko ta fice ta gefe. Sai ya sa farce tsakanin ƙarfe da itace ya ja daga gindi zuwa baki. Sai ya riƙe ta a tsakiya ya girgiza kusa da kunne. In farce bai shiga ba, bai kuma ji motsi ba, sannan yake tambayar wanda ya sassaƙa ta da garin da yake.